Haruffa Biyu a Rumfar Dukanci

Rumfarmu tana bakin kasuwa, ta wajen da ake sauke buhunan gero, kuma tun ina yaro nake zaune a cikinta. Mahaifinmu baduku ne, shi ya bar mana ita, ni da ƙanena. Lokacin da na buɗe ido, layin nan duka na dukawa ne, in ka shigo warin fata da bagaruwa ne zai fara tarbarka. Muna ɗinka alabe da gafaka da kuben wuƙa da takalma, daga baya da baƙi suka yawaita a Damagaram muka koyi jakar rataya da matashin zama irin wanda suke so. Sai baƙin suka ɗauke ƙafa. Mutanen gari kuma suka koma wa jakar roba mai araha. Ɗaya bayan ɗaya maƙwabtana suka naɗe tabarma. Wani ya koma gona a Gidimuni, wani ya rasu ƴaƴansa suka sayar da wurin. Wata rana na duba na ga ni kaɗai na rage, dama da hagu duk masu sayar da waya ne da masu cajin batir.

Ƙanena ya daɗe da barin sana'ar, yana noma da kiwo a wajen Takieta. Gab da faɗuwar damina ya zo ya same ni, muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da abin da ya kawo shi. Wani saurayi mai gyaran waya ne yake son hayar rumfar, kuma ya yi tayi mai kyau.

"Yaya," in ji shi, "rabin wurin nan nawa ne, kuma iyalina ba ƙamshin fata suke ci ba."

Da a shekarun baya ne, da faɗa zan kore shi. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma fushin nan ya ci mini mutane da yawa. Amma ranar na san gaskiya yake faɗa, don ko ni kaina sai in wuni ban ɗinka komai ba sai gyaran igiyar takalmi. Na roƙe shi ya ba ni zuwa kaka. In aka yanke gero aiki bai dawo rumfar ba, zan kwashe kayan aikina in koma zauren gida, ya ba yaron wurin. Ya yarda, muka tafa.

Ƴata ta biyu ce ta kawo maganar waya. Tana aiki a wani kantin magani, ta yi lakwal, wato makarantar boko, har lise, babbar sakandare. Ni karatuna bai wuce firamare ba, na san haruffa, ina iya haɗa Faransanci kaɗan yadda ba za a cuce ni a takarda ba. Ta ba ni tsohuwar wayarta, ta shimfiɗa farin zane a ƙofar rumfa, ta jera kayan ta ɗauke su hoto ɗaya-ɗaya, ta buɗe mini shafi a dandalin da mutane suke baje hajarsu. Ta ce in jira.

Saƙonni kuwa suka fara shigowa, kusan duk daga Najeriya, da Ingilishi. Ingilishin ma ba cikakke ba. Na farkon da na gani a ƙarƙashin hoton wata jan jaka haruffa biyu ne da alamar tambaya: HM? Ƴata ma ba ta sani ba, sai da ta tambayi wata abokiyar aikinta da ta yi karatu a Kano. Ta dawo ta ce mini ma'anarsa nawa ne.

Raina ya ɓaci. A rumfar mahaifina ba a fara ciniki da nawa. Mutum ya yi sallama, a amsa, ya zauna, a tambayi gida da gajiya, ya ɗauki kaya ya jujjuya ya sansana. Ko a nan ma baduku ba ya yanke kuɗi da bakinsa, sai ya ce wa mai saye ya taya. Na sha ganin mahaifina ya yi kamar bai ji ba idan wani ya tsaya a kansa ya jefo tambaya daga sama. Haka na tashi, haka na tsufa. Yanzu ga wani da ban san fuskarsa ba ya jefo mini haruffa biyu kamar mai jifan kare.

Duk da haka na ce bari in nuna masa yadda ake yi. Ƴata ta koya mini danna wurin ɗaukar murya. Na gyara zama, na yi sallama, na tambaye shi kwana da gajiya da iyali da damina, na gaya masa fatar ta jan akuya ce, majeman garinmu suka jeme ta da bagaruwa, aka rina da karan dafi, na faɗi sunan sana'ar mahaifina da ta kakana. A ƙarshe na ce ya taya, Allah ya sa albarka. Amsar da ta zo haruffa uku ce, NVM. Aka sake zuwa wurin abokiyar aiki, aka dawo mini da cewa ma'anarsa a bar shi kawai.

Haka na yi da na biyu da na uku. Wasu su rubuta waɗannan haruffa ukun, wasu su yi shiru. Sai na kafa doka, na ce wa ƴata duk wanda bai gaishe ni ba kada ta amsa masa. Ta ce, "Baba, to wa za mu amsa wa?" Na ce ko babu kowa. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko, ni ina zaune da dokata da rumfa fanko.

Ina da wani aboki Bakano mai sayar da shadda da atamfa, ya yi shekaru yana kai da komo tsakanin Kano da Damagaram. Bayan la'asar yakan zo rumfata mu sha shayi mu tsokani juna, yadda Kanawa da Damagarawa suka saba. Wata rana na kai masa ƙarar mutanen ƙasarsa. Ya karɓi wayar, ya saurari ɗaya daga cikin muryoyin da na tura, tun bai kai rabi ba dariya ta sarƙe shi har shayi ya zube masa a riga.

"Kai Badamagare," ya ce, "mutum yana cikin mota a Legas, an matse shi ta ko'ina, da yatsa ɗaya yake rubutu, kai kana tambayarsa lafiyar awakinsa."

Na ce ai su Kanawa da tambayar farashi ake haihuwarsu, kafin jariri ya yi kuka sai ya tambayi ungozoma nawa ne aikinta.

Ya ce ya ji, amma in gaya masa, idan na je kasuwar Damagaram Takaya sayen fata, rana ta take, mutane sun yi yawa, me nake cewa? Ba ɗaga fata nake yi in ce nawa ba? Mai fata ya faɗa, in taya, shi kuma ya ce albarka. Ya ce in duba kalmar nan guda ɗaya, albarka, abin da ta ɗauko: a'a, na gode, ƙara wani abu, kada ka tafi. Ya tambaye ni ko na taɓa jin an kira wannan rashin kunya. Ya ce mutanen waya ma kasuwa suke ci, kasuwar da ba ta da inuwa ba ta da tabarma, don haka suka taƙaita bakinsu. Sannan ya gangara cikin saƙonnin ya nuna mini wasu da suka fara da GM. Ya ce wannan ina kwana ce. Ashe cikin waɗanda na hana a amsa wa har da masu gaisuwa. Na ƙara masa shayi.

Daga ranar shan shayinmu ya zama makaranta. Ni ina kiran haruffan da bakin lakwal, in ce ash-em, shi ya ce ec-em, ya ce ko haruffa ma sai Damagarawa sun lanƙwasa su. Ban iya riƙe kalmomin Ingilishin da ke bayansu ba, kuma ban matsa wa kaina ba. Abin da na yi shi ne na ba kowannensu fuskar wani da na sani a kasuwa. DM dillali ne da yake jan hannun rigarka ya ce mu koma gefe mu yi magana. BRB mai sayen nan ne da yake cewa bari in zaga in dawo, wanda kowa ya san ba lalle ya dawo ba. ASAP uban ango ne, komai nasa yanzu-yanzu. IDK yaron shago ne da maigidansa ba ya nan, duk abin da ka tambaye shi bai sani ba. PLS don Allah, TY na gode, waɗannan ba su ba ni wahala ba. LOL ne na daɗe ina shakka, wai dariya ce. Na ce wa Bakanon na zauna kusa da shi ina kallo ya rubuta ta, ko haƙorinsa bai fito ba. Ya ce to ni fa, dariyar da nake yi wa labarin mai saye don ya sayi takalmi, daga zuciya take fitowa?

Akwai kuma TBH. Ya ce wannan ita ce maganar gaskiya, abin da mutum yake sawa a gaba idan zai faɗi abin da ba za a so ji ba. Ya ce ba zan buƙace ta ba, tunda ni mai sana'ar hannu ne.

Rubutun kansa wani aiki ne. Yatsuna sun yi kauri, sun yi baƙi da rini, in na nufi harafi ɗaya sai biyu su fito. Gilashin wayar ma wani lokaci ƙin jin yatsan yake yi sai na goge shi a riga. Amma gajartar ta taimake ni, don tsohon da ba zai iya rubuta jimla ba, zai iya lallaɓa haruffa biyu. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne yanke kuɗi da kaina tun kafin a taya. Wani matashi daga Kaduna ya tambayi alabe. Na rubuta GM, na sa lamba, na rufe ido na tura. Ji na yi kamar na fito kasuwa ba hula. Ya rage kaɗan, na yarda, na rubuta TY, Bakanon ya tafi da alaben cikin kayansa. Na yi murna, amma alabe ɗaya ba ya riƙe rumfa. Ƙanena ya kira ni a waya a satin, muka gaisa, ya ce gero ya yi kyau bana, zai nuna da wuri. Na gane abin da yake nufi.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da wata mata ta rubuto. Ta fara da GM sir, ta ce PLS DM. Muka koma gefe. Ta zubo dogon Ingilishi wanda sai da ƴata da Bakanon suka haɗa kai suka warware mini. Mace ce mai kanti a Legas, za ta aurar da ƴarta, tana son ƙananan jakunkuna ja masu koren tuntu da za a raba wa mata a wurin biki. Yawan da ta faɗa ban taɓa ɗinka irinsa a lokaci guda ba, ko zamanin baƙi. A ƙarshen saƙon ga uban ango ya fito, ASAP, kuma bikin ya matso.

Washegari na tafi wurin majema. Fatu na rataye a ƙarƙashin rumfa, duk sun yi laushi da danshi, don an kwana biyu rana ba ta fito sosai ba. Babban majemin tsarana ne. Na gaya masa yawan da nake so da lokacin. Ya girgiza kai ya ce rabi zai iya, shi ma in sama ta yi sauƙi. Ya ce ni ma na sani, fatar da aka gaggauta a damina wari take yi, ta yi fumfuna, jan kuma ya zuba a tufafin mai ita. Na san hakan. So nake kawai in ji wani ya faɗa.

A nan ne al'adarmu ta masu sana'ar hannu ta taso mini. Tela da maƙeri da baduku duk abu ɗaya muke yi: a ce to, a karɓi kafin alƙalami, sannan a shiga gobe. Mai kaya ya zo, ka shimfiɗa masa tabarma, ka ba shi ruwa, ka nuna masa abin da aka yanka, ka ce gobe in Allah ya yarda. Ya yi faɗa ya tafi, ya dawo, a sake. Ba wanda yake ɗaukar wannan ƙarya ce, kowa ya san yadda ake lissafa goben mai sana'a. Ni kaina da ita na rayu, kuma na san akwai waɗanda na sa suka yi Sallah da tsohon takalmi.

Ranar ta dace da kasuwar Alhamis, ƙanena ya shigo gari. Na gaya masa komai a gaban Bakanon. Ƙanena ya ce in amsa mata duka, in an shiga aiki Allah zai kawo rana. Bakanon ya ce in amsa, abin da ya gagara a cike da fatar kamfani daga Kano, matan biki ba za su bambance ba. Su biyun da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ranar bakinsu ɗaya.

Na daɗe da wayar a hannu. Abin da nake tunani shi ne matar nan ba za ta iya zuwa ta zauna a tabarmata ba. Ba za ta ga fatar da aka yanka ba, ba za ta ga fuskata ta auna gobena ba. Abin da na rubuta shi kaɗai ke gare ta, kuma da shi za ta yi wa dangin ango alkawari. Goben da muke yi tana tafiya ne da ido da ido, in babu idon ta zama wani abu daban. Na goge yatsana, na rubuta TBH, na sa rabin yawan da ta nema. Na fita na ɗauki hoton hadarin da ya haɗo ta gabas na tura mata, da hoton fatun da na ɗauka a wurin majema. Da ƴata ta taso daga aiki ta ƙara layi ɗaya na bayani da ɗan Ingilishinta.

Amsar ba ta daɗe ba. BRB.

"Ka gani ko, Yaya," in ji ƙanena. "Ta tafi zagaye."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ko shayin bai sha ba. Bakanon ya ce shi ya cuci kansa da ya koya wa Badamagare karatu, ga shi na ɗauki harafin da ya ce ba nawa ba ne na yanka kaina da shi.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. In waya ta yi ƙara sai in yi maza in duba, in ga mai tambayar alabe ne ko ƴata. Na ƙi rubuta mata, don a kasuwa ba a bin wanda ya tafi zagaye. Amma na ɗauko fatun da nake da su na fara yanka gwaji, na fitar da jaka ɗaya yadda ta kwatanta, na ɗaura mata tuntu, na ajiye. Ban san dalilin da ya sa na yi ba, hannuna ne ya ƙi zama.

Ta dawo da hantsi, ina cikin cin ƙosai. Ba ta ba da labarin inda ta zaga ba, ni ma ban tambaya ba. Ta ce ta yarda da rabin kafin biki, za ta raba wa manyan mata kawai, sauran kuma in ɗinka a hankali bayan damina ta sa a kantinta. Na tura mata hoton gwajin. Sai ciniki ya tashi, kuma matar nan ta iya ciniki fiye da duk wanda na taɓa gani. Ta taya wani abu da ya sa na kusa ajiye wayar. Ban san gajeren Ingilishin da zan mayar mata ba, sai na rubuta albarka. Ta turo alamar tambaya. Bakanon ya karɓa ya yi mata bayani da murya, ta rubuto LOL, ta ƙara. Muka ja, muka ja, na sallama a inda ba zan yi asara ba, ko da yake ribar ba ta kai yadda na so ba.

Saura hannu. Ni kaɗai ko rabin ma ba zan gama ba. Na aika wa maƙwabcina na dā da ya koma Gidimuni, ya zo da basillarsa a aljihu yana cewa idonsa ya rage amma yatsunsa ba su manta ba. Wani tsoho daga cikin Birni shi ma ya amsa. Wanda na fi buƙata shi ne wani da ya koyi aiki a hannuna shekarun baya, wanda ba a taɓa yin mai tsabtar ɗinki kamarsa a rumfar ba. Na kore shi a kan fata ɗaya da ya ɓata. Yanzu magidanci ne, yana kabu-kabu. Na taka har gidansa, na yi sallama, na tsaya a zaure. Bai sauƙaƙa mini ba. Ya ce zai riƙa zuwa da safe kawai, da rana zai hau babur ɗinsa, kuma ranar da na ɗaga masa murya ranar zai ajiye aiki. Na ce na ji.

Rumfar ta cika. Ɗaya yana yanka, biyu suna ɗinki, ni ina tuntu da bakin jaka. Majema suna aiko da fatu kaɗan-kaɗan yadda rana ta ba su, mu kuma mu shafa musu man gyaɗa mu murza har su yi laushi. Kowace fata sai na goga mata farin ƙyalle kafin wuƙa ta taɓa ta. Wani zubi guda jan ya fito a ƙyallen, na mayar da shi gaba ɗaya, babban majemin ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Samarin masu waya suka fara leƙowa suna kallo, wasunsu ba su taɓa ganin ana ɗinka fata ba, alhali kakanninsu a layin nan suka tsufa. Matar kuma ba ta barin mu mu huta. Kullum sai ta rubuto PLS tana son hoto, in tura mata tarin da aka gama, ta ce TY, wani lokaci ta ƙara ASAP don kada in manta. Sau ɗaya na ji faɗa ya taso mini har wuya, da mai kabu-kabun ya karkata wani ɗinki. Na fita na zaga layin masu gero na dawo. Kafin in dawo ya farke ya gyara.

Wata Alhamis ƙanena ya sake shigowa. Ya zo ne ya gaya mini saurayin nan mai gyaran waya yana tambaya ko zai fara kawo katakonsa. Ya tsaya a ƙofa, bai sami wurin zama ba. Ya ɗauki jaka ɗaya daga cikin tari, ya jujjuya ta, ya ja bakinta, ya ce wannan ɗinkin ya yi sako-sako, mahaifinmu da ya gani da ya jefar.

"To Baba ƙarami, ga basilla," in ji mai kabu-kabun, ya matsa masa gefe.

Ƙanena ya ce shi ya bar wannan wahala tuntuni. Yana faɗa yana tuɓe takalmi. Ya ce guda ɗaya zai gyara don a ga yadda ake yi. Bai koma Takieta ba sai da aka ɗaure kaya, ya riƙa kiran babban ɗansa a waya yana tambayar gona.

Muka naɗe jakunkunan a takardar siminti mai tsabta, muka sa a buhu, muka rufe da leda saboda ruwa. Direban da yake ɗauko wa Bakanon kaya ya tafi da su Kano, daga can aka ɗora a wata motar. Na yi ta zullumi, ko ruwa ya shiga, ko jan ya zuba, ko a tsayar da su a hanya har biki ya wuce. Ta rubuto cewa sun iso, daga nan kuma shiru, don tana cikin hidima.

Bayan bikin ne saƙon ya zo, muna zaune ni da ƙanena da Bakanon. OMG, da manyan haruffa, sai hotuna suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya. Mata ne da manyan ɗaurin kai, cikin leshi mai walƙiya, kowace da jar jakarmu a hannu ko a cinya, koren tuntun yana lilo. Wata tsohuwa ta ɗaga tata sama tana rawa. Na tambayi Bakanon wannan harafin fa, faɗa ne ko yabo. Ya ce salati ne irin nasu, wanda mutum yake yi in abu ya ba shi mamaki. Na karɓi wayata na bi layi rumfa-rumfa ina nuna wa samarin masu waya, har masu sauke gero sai da suka gani. Na kai wa babban majemin, ya daɗe yana kallo, ya ce wannan jan nasa ne, ko a ina ya gan shi zai gane.

Kafin sati ya zagayo matan da suka je bikin suka fara shigowa shafina. Wata tana son babba, wata baƙa, wata tana tambayar takalmi. Ina zaune ina lallaɓa amsa da yatsa ɗaya, abin da ya fi ƙarfina in ajiye wa ƴata. Ga kuma sauran rabin aikin matar yana jira. Maƙwabcina na Gidimuni ya ce zai je ya ga girbi ya dawo. Mai kabu-kabun ya fara kai azahar kafin ya tashi, ban ce masa komai ba don kada in ɓata.

Aka yanke gero. Ƙanena ya shigo da damin farko na gidana a kan mota, muka sauke, muka taho kasuwa tare. Ban tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba. Da muka iso sai ya wuce rumfarmu ya nufi inda saurayin mai gyaran waya yake ajiye teburinsa. Na hango su suna magana, ƙanena yana dafa kafaɗarsa, yaron yana gyaɗa kai. Ya dawo ya zauna, ya ce ya nuna masa wata rumfa da za ta fita a layin masu tabarmi, ya kuma yi masa alkawarin zai raka shi wurin mai ita.

Sannan ya ɗaga kai ya kalli rufin, ya ce tun da yake zaune a kusurwar nan ruwa yake ɗiga masa a wuya, kuma ba zai sake yin wata damina a haka ba. Ya ce in ya sayar da wake za mu sayi kwano, rabi nasa rabi nawa. Na ce ai kusurwarsa ce take yoyo, tawa lafiyarta lau. Muka yi ta gardama a kan haka har ladan ya kira azahar.